Motar da ko ta yanzu: wacce ce ta ci sunan motar tsere?

Masta_Bodi_Suame: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau wata uku ke nan da wani dattijo daga Tafo ya sa aka jawo mini Datsun 240Z ta 1972 zuwa shagona a Magazin, unguwar masu gyaran mota ta Kumasi a nan Ghana. Ta fi shekara 20 a ajiye ƙarƙashin bishiyar mangwaro a bayan gidansu. Tayoyi sun nutse cikin ƙasa, ɓeraye sun yi sheƙa cikin soson kujera, tsatsa ta cinye wajen da direba ke ajiye ƙafa har kana hangen ƙasa ta ramin. Makon jiya muka gama kankare tsohon fenti, ƙarfe ya fito tsirara. Da yarana suka tashi aiki sai na zauna ni kaɗai, na ɗora tafin hannu daga ramin fitilar gaba, na bi dogon bonet ɗin nan, na hau rufi, na gangaro baya. Layi ɗaya ne, bai tsinke ko'ina ba. Shekarata 26 ina bugun bodi, ban taɓa shafa ƙarfe mai daɗin hannu irin wannan ba.

Abin da nake son mu tattauna: ni a ganina motocin gudu na da sun fi na yanzu kyau nesa ba kusa ba, kuma dalili shi ne a filin tsere aka haife su. Na yanzu duk fuskarsu ɗaya, ramuka da kusurwoyi da roba. Wanda bai yarda ba ya kawo hujjarsa.

GTR_Nima: Wa alaikumus salam Masta. Girmanka ne, amma ban yarda ba. Ka ajiye Datsun ɗinka kusa da Nissan GT-R, gida ɗaya suka fito. Taka doki 150 ne da ɗoriya, GT-R da ta fito 2007 ta kusa doki 480, na baya-bayan nan sun haura 560. Kafin ka gama sa giya ta biyu ta ɓace maka. Motar gudu ai gudu ake tambayarta.

Masta_Bodi_Suame: Ƙanena, maganar kyau na yi, kai ka kawo mini doki. To ko a nan ma, ka duba nauyi. Tawa kilo 1,050 ce ko kusa da haka, taka ta haura 1,700. Rabin dawakan naka kansu suke ja.

Baba_TsohonDireba: Yaro na Nima, bari in gaya maka abin da idona ya gani. Ina saurayi ina yaron mota a tashar Kejetia, akwai wani Bature mai harkar katako da ke zuwa da Jaguar E-Type, kore mai duhu. In ya faka, masu talla sukan sauke farantansu su zo kallo. Ba mu san dokinta nawa ba, ba mu taɓa ganin ta yi gudu ba, a tsaye take ɗauke mana numfashi. Masta, Allah ya yi wa hannunka albarka, ka dawo mini da ƙuruciya.

Malam_Tarihi_Tafo: Baba ya ambaci E-Type, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi ga maganar Masta. A 1961 aka fito da ita a baje kolin Geneva. Wanda ya tsara jikinta, Malcolm Sayer, daga masana'antar jiragen sama ya zo, lissafin yadda iska ke bin jiki ya sani. Kafin ita shi ya tsara C-Type da D-Type, motocin da Jaguar ta ci tseren awa 24 na Le Mans da su a 1951 da 1953, sannan sau uku a jere daga 1955 zuwa 1957. D-Type har da wani fiffike a bayan kan direba, domin a filin akwai miƙaƙƙiyar hanya ta kusan kilomita 6 inda mota ke neman kuɓuce wa mai ita. Wato ba wanda ya zauna ya ce bari in zana abu mai kyau. Iska ce ta sassaƙa ta, kyan ya biyo baya. Ko birkin faifai da ke jikin tasi ɗin da muke hawa yau, nasarar C-Type ta 1953 ce ta sa duniya ta yarda da shi.

Haka Mercedes 300 SL ta 1954 mai ƙofofin da ke buɗewa sama kamar fukafukai. Mutane na zaton ado ne. Ƙashin motar na siraran bututun ƙarfe ne da aka gado daga motar tsere, ya taso sama a gefe har ƙofar da muka saba ba za ta shiga ba. Dole ce ta haifi ƙofar.

GTR_Nima: Malam, to ai ka ba ni makami. In iska ce ta sassaƙa na da, na yanzu ma ita ce. Ramukan da Masta yake zagi kowanne da aikinsa, wani yana shayar da birki iska, wani yana danne mota a kwalta. Kuma wa ya ce na yanzu ba su da gadon tsere? Kakar GT-R, Skyline R32, ta shiga tsere 29 a gasar Japan daga 1990 zuwa 1993, ba ta faɗi ko ɗaya ba.

Wayarin_Kokompe: Ni dai ta wajen aiki zan yi magana. Tsohuwar mota in ta ƙi tashi, abu uku ne: wuta, mai, iska. Fulogi, kafireta, kwail, ka gama. Watan jiya aka kawo mana wata Bajamushiya ta zamani, ƙaramar sansa ɗaya ta sha ruwan sama, mota ta kulle kanta a giya ta uku. Sati biyar tana cin ƙura muna jiran kaya. Da ya iso kuma sai an haɗa da kwamfuta an gabatar da shi ga ƙwaƙwalwar motar kafin ta karɓe shi.

Hajiya_Asawase: Masta, ba ka ce komai kan launi ba. Wane fenti za ka yi mata? Mahaifina Allah ya jiƙansa yana da Peugeot 504 fara, duk Juma'a shi da kansa yake wanke ta kafin masallaci, ni ce mai riƙe masa bokiti. Har yau in na ji ƙamshin sabulu da fetur tare sai in tuna shi.

Masta_Bodi_Suame: Allah ya jiƙan Baba, Hajiya. Asalinta ruwan lemo ce, na ga sauran fentin a ƙarƙashin robar ƙofa inda rana ba ta taɓa ba. Mai ita yana son fari. Muna kan magana.

Turbo_Madina: 504 kuma? Ana maganar motocin gudu Hajiya.

Baba_TsohonDireba: Kai yaro, iya bakinka. Ka san 504 kuwa?

Malam_Tarihi_Tafo: Turbo, Hajiya ba ta fita daga layi ba. Peugeot 504 ta ci gasar tseren Safari a Gabashin Afirka a 1975, Ove Andersson ne a sitiyari, mai ƙofa biyu da injin V6 kuma ta sake ci a 1978. Yayarta 404 ta ci sau huɗu tsakanin 1963 da 1968. Irin motar da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna ke nan, wadda ta yi ta jigilar mutane tsakanin Kumasi da Bawku. Kuma Masta, ko ka san abin da ke shagonka? 240Z ta ci Safari a 1971 da Edgar Herrmann, ta sake ci a 1973 da Shekhar Mehta, mutumin Kenya da ya ci gasar sau biyar a rayuwarsa. Dubban kilomita cikin taɓo da ƙura da gargada, dare da rana. Ta 1971 ja ce da baƙin bonet, don kada hasken rana ya riƙa dukan idon direba.

Masta_Bodi_Suame: Allahu Akbar. Malam na san ta yi tsere, amma ban san a ƙasar Afirka ta yi suna ba. Baƙin bonet ɗin nan ya shiga raina.

DanAgadas_Aboabo: Tunda an zo Afirka bari in sa baki. A Agadas aka haife ni, ina ɗan shekara tara zuwa goma lokacin da tseren Paris zuwa Dakar ke ratsa garinmu. Tun kwana biyu kafin su iso gari ke cika da jirage da manyan motoci. Mukan hau katanga mu hango ƙura ta tashi daga wajen Tenere kamar hadari, sai ƙara ta biyo baya. Direbobin in sun cire hular kwano, fuskarsu ja wur da ƙasa, sai zagayen ido kawai ya rage fari. Abin da ya fi ba manyanmu mamaki shi ne Porsche. Kowa ya san sahara ta Land Rover ce da Toyota, sai ga 'yar gajeriyar mota mai inji a baya an ɗaga mata ƙafa, ta ci gasar a 1984, wata Porsche ɗin, 959, ta sake ci a 1986. René Metge ne ya tuƙa duka biyun. Tun 2009 aka ɗauke tseren daga nahiyarmu, yanzu a Saudiyya ake yi, suna kawai aka bar mana. Amma in faɗi gaskiya, ba kowa ne ya yi kewarsa ba. An sha buge yara da dabbobi a ƙauyukan da suke ratsawa.

Borga_Hamburg: Gaisuwa daga Jamus. Masta, Porsche 911 ce za ta raba gardamarka da ɗan Nima, domin ita tsohuwa ce kuma sabuwa. Tun 1963 aka fito da ita, har yau inji yana baya, fitilu zagayayyu, rufi na gangarowa kamar yadda yake. Da farko 901 aka sa mata suna, Peugeot ta ce lamba uku mai sifili a tsakiya tata ce, aka mayar 911. Na je gidan tarihinsu a Stuttgart, na tsaya gaban 917 da ta ba su nasarar farko a Le Mans a 1970. Tsayinta bai wuce ƙuguna ba, ƙafafun direba kuma suna gaban gatarin tayoyin gaba. Sau 19 suka ci gasar, ba wanda ya kai su. Amma ko a nan masoyan 911 sun rabu biyu. Har 1998 iska ce ke sanyaya injin, daga nan aka koma ruwa da lagireto. Tsofaffin nan sun ce ranar muryarta ta mutu, kuma masu iskar yanzu sun fi wasu sababbin tsada.

Wayarin_Kokompe: Kamar Beetle ke nan, ba ruwanta da lagireto. A zafin Accra da cunkoson Kaneshie dai ban san yadda za ta ƙare ba.

Ejan_Tema: Masta, tambaya. Ta 1972 ce ka ce. Sitiyarinta a wane hannu yake?

Masta_Bodi_Suame: Dama. Sabuwa ta shigo ƙasar nan, lokacin muna bin hagu.

Baba_TsohonDireba: Ƙwarai kuwa. Ranar 4 ga Agusta 1974 muka koma hannun dama, ranar Lahadi ce. Najeriya ta riga mu da shekara biyu. Makonni ana ta shela a rediyo, ranar kuwa kowa tafiyar hawainiya yake, direbobi na leƙo kai suna yi wa juna ihu a shataletale.

Ejan_Tema: Dalilin tambayata, masu sha'awar Skyline su sani: ba a yarda a shigo da mota mai sitiyari a dama ba, su kuwa R32 da R34 duk a dama aka yi su. Sannan duk motar da ta haura shekara 10 akwai tarar tsufa a kan kuɗin fito, tana ƙaruwa da shekarun motar, girman inji ma yana ƙara kuɗi. Shi ya sa abin da Masta ke yi ya fi hankali, a nemo waɗanda suka riga suka shigo a tashe su. Sai dai Masta, ka je DVLA, hukumar rajistar motoci, da tsofaffin takardunta tun yanzu, kafin ka zuba kuɗi, su gaya maka matsayinta.

Turbo_Madina: A juya sitiyarin kawai, a Magazin awa nawa ne.

Masta_Bodi_Suame: Ba da hannuna ba. In na yanka allon gabanta na huda bangon inji na mayar hagu, na kashe shaidar cewa ta ga zamanin da Baba yake faɗa. Na sha ganin juyen da aka yi da gaggawa, sandar sitiyari da walda a tsakiya. Rai ake ɗorawa a kai.

Ummu_Khalifa: Ku yi haƙuri zan ɗan sanyaya muku hira. Ƙanena shekararsa 24 ya rasu a kan babbar hanyar Tema, da dare, shi da abokinsa suna gwada mota. Hanyar kilomita 19 ce tun ta zamanin Nkrumah, kankarenta ya tsufa, faci a kan faci, ga manyan motoci da ke tsayawa ba fitila. Ni aka kira in je in gane shi. Ban hana ku son mota ba, shi ma tun yana ƙarami hotunansu ne a bangon ɗakinsa. Amma waɗanda kuke ambata a fili suke gudu, da hular kwano da likita a gefe. Ku matasan zauren nan, don Allah.

GTR_Nima: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa Yaya, ya ba ku haƙuri. Na ji, kuma na ɗauka.

Hajiya_Asawase: Allah ya sa ya huta, ya sa aljanna ce makoma.

Malam_Tarihi_Tafo: Amin. Kuma maganar Ummu Khalifa ta sa dole in rage wa ɓangarenmu maki, ni da Masta. Kyan motocin da an biya shi da jini. A Le Mans ta 1955 Mercedes 300 SLR ta Pierre Levegh ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo, mutum sama da 80 suka mutu, Mercedes ta bar tsere shekaru masu yawa. A da, wajen fara tseren Le Mans, direbobi a guje suke tsallaka titi su faɗa mota su tayar, da yawa ba sa tsayawa ɗaura bel. A 1969 Jacky Ickx ya ƙi gudun, ya taka a hankali, ya zauna ya ɗaure kansa, ya tashi na ƙarshe. A zagayen farko wani direba, John Woolfe, ya rasu. Bayan awa 24 Ickx ya ci gasar da Ford GT40, tazarar kusan mita 120 tsakaninsa da Porsche. Daga shekarar da ta biyo aka daina wannan gudun. Kaurin ginshiƙan gilashi da tudun hancin motocin yanzu da Masta ba ya so, dokokin kare rai ne suka kawo su. Fitilun nan masu buɗe ido su rufe ma tun 2004 aka daina yin su.

Masta_Bodi_Suame: Wannan gaskiya ce Malam, ba zan musa ba. Ƙofar Datsun ɗin nan da hannu ɗaya nake ɗaga ta, ba komai a cikinta sai ƙarfen gilashi. Zan sa mata bel mai kyau ko da ba irin na asali ba ne. Amma kyau dai ina nan kan bakana.

Borga_Hamburg: GT40 da Malam ya ambata, inci 40 ne tsayinta, daga nan sunan ya fito. Ford ta nemi sayen Ferrari a 1963 ciniki ya watse, sai ta ƙera ta don ramuwa. Ferrari ta ci Le Mans sau shida a jere daga 1960 zuwa 1965, Ford ta karɓe huɗu daga 1966 zuwa 1969. Ferrari ba ta sake ɗaga kofin ba sai 2023 da 499P, bayan shekara 58, kuma motar mai haɗin fetur da lantarki ce. Ɗan Nima, ga taka hujjar.

GTR_Nima: Na gode Yaya Borga. Tarihi bai tsaya a 1970 ba, ana kan rubuta shi.

Rotary_Fadama: Ba wanda zai ambaci Mazda 787B? 1991, lamba 55, kore da ruwan lemo, motar Japan ta farko da ta ci Le Mans, kuma injinta ba fistan ko ɗaya. Ku nemi ƙararta ku saurara da abin kunne. Ni a wajena kyan mota rabi a ido yake, rabi a kunne. Shi ya sa masu lantarki zalla ba sa motsa ni, komai saurinsu.

Wayarin_Kokompe: Kunne kam. Masta, kafireta biyu ce a jikin taka ko? Maigidana da ya koya mini aiki da guntun tiyo yake daidaita irinsu. Ya sa baki ɗaya a kunne, ɗaya a bakin kafireta, ya saurari shan iskar ta gaba, ya koma ta baya, yana murɗa sukuru kaɗan-kaɗan har muryoyin su zama ɗaya. Yaran yanzu ba wanda ya iya.

Masta_Bodi_Suame: Biyu ce, silinda shida a jere. Akwai wani tsoho a layinmu da har yanzu yake yin haka, shi zan kai wa. Matsalata gilashin baya. Na tura wa wani dila kuɗi ya ce yana da shi, da ya zo ashe na 280ZX ne, ko kusa bai zauna ba, har yau ina bin kuɗina.

Ejan_Tema: Kar ka ƙara biya sai ka ga hoto da tef a kai. Turo mini awon faɗi da tsawo, ina da mai kwantena da zai taso daga Amurka wata mai zuwa, can aka fi sayar da 240Z, kayanta ba sa wuya.

Turbo_Madina: Hajiya ki yafe ni kan maganar 504, ban sani ba.

Hajiya_Asawase: Ba komai ɗana. Masta, ka gaya wa dattijon nan in ji ni, fari na 504 ne. Wannan a mayar mata da ruwan lemonta.

Baba_TsohonDireba: Ni kuma ina da roƙo. Ranar da za a tayar da injin a kira ni, ko a adaidaita zan zo Magazin. Ina son in ji da kunnena.

GTR_Nima: Ni ma zan hau motar dare in taho Kumasi. Har yanzu GT-R ce tawa, amma ina son in shafa bonet ɗin nan in ji abin da Masta ya ji.

Masta_Bodi_Suame: Duk kuna da wuri. Na kira mai motar bayan la'asar na karanta masa abin da Malam ya rubuta kan Safari. Ya yi shiru, sannan ya ce mahaifinsa ya taɓa gaya masa haka, ya manta. Ya yarda da ruwan lemo, baƙin bonet ne ya ce sai ya yi shawara da 'ya'yansa. Gobe in Allah ya kai mu zan yanke ruɓaɓɓen ƙasan in walda sabon faranti. Ejan Tema, zan auna gilashin da safe in turo maka.